Ranar Da Na Kayar Da Zoɓon Gidanmu

Ku da kuka tashi a unguwar Parkchester ta Bronx kun san ni da zoɓo kamar yadda kuka san Babanku da motar haya, kuma kun san akwai wasu shekaru da Kawunku Sale ba ya ɗaga wayata. Kowa ya ba ku nasa labarin, wasu ma ba su nan aka yi amma sun fi ni sani. To ga nawa, tunda a bakina abin ya faru. Ku karanta a hankali, kada ku ba wa yayarku Zainab ta fassara muku, don na san halinta, rabi za ta tsallake.

A shekarar nan aikin kula da tsofaffi nake yi, Juma'a kuma in kai zoɓo a gorunan roba bakin masallaci. Aka tura ni gidan wani dattijo Bature, muna ce masa Baba Marko, tasha uku daga gidanmu a jirgin ƙasa mai lamba shida. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa amma bakinsa lafiya lau, ga faɗa ga tsokana. Ranar da na fara zuwa na ga kwalaben giya jere a bango har sama, na ce masa ni fa Musulma ce, ba na zubawa, ba na miƙawa. Ya ce in kwantar da hankalina, likita ya riga ni, an hana shi ko ɗigo. A hankali na gane sana'arsa. Wai duk rayuwarsa aikinsa ɗanɗana jan ruwan inabi, irin mai sa maye, ya faɗa wa 'yan kasuwa wanne za su saya wanne za su bari. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce ashe akwai ƙasar da ake biyan mutum don ya yi kwaɗayi.

Wata rana da zafi na fito da gorar zoɓona ina sha a kicin, sai ya hango launin ta ƙofa. Ya ce in zuba masa kaɗan a tambulan mai dogon wuya. Na zuba, na tsaya ina jiran ya sha ya ce an gode kamar kowane ɗan mutunci. Ina! Sai ya ɗaga tambulan wajen taga yana kallo, ya karkata shi, ya jujjuya, ya cusa hancinsa ciki ya rufe ido. Sannan ya kurɓa, ya wasa shi a baki kamar mai kuskure, ya jawo kwano ya tofar. Wallahi raina ya ɓaci. Zoɓon da mata ke layi a kansa ran Juma'a, shi wannan tsoho zai tofar a gabana?

Na ce, “Baba Marko, in ba ka so ai sai ka ce ba ka so.”

Ya ce, “Citta. Kanumfari. Ɓawon abarba. Sukari mai yawa, Rabi, mai yawan gaske. Duk na gaisa da su. Shi mai gidan fa, ina kika ɓoye shi?”

Na ce wane mai gida? Ya ce furen da kansa. Gobe in kawo masa shi tsurarsa, ruwa kawai, kada in sa komai. Na dawo gida ina mita. A garinmu ka ba baƙo zoɓo ba sukari ba ƙamshi, ai ka zage shi ka zagi uwar da ta koya maka girki. Har na ɗebi sukari a cokali da safe, na ce kaɗan dai don fita kunya, sai na tuna hancin mutumin nan na mayar. Na kai masa. Ya sake yin duk abin da ya yi jiya, sannan ya turo mini tambulan ya ce ni ma in yi, kada in haɗiye da wuri, in faɗa masa abin da na ji. Na kurɓa na riƙe. 'Ya'yana, shekara nawa ina dafa zoɓo, ranar na fara jin sa. Tsami ne ya fara zuwa a gefen harshe, bayansa wani ɗan bauri da ke kama dasashi, can ƙarshe kuma warin buhu. Na ce masa wannan ya daɗe a ajiye, kuma a ɗaki mai danshi. Ya buga hannun kujera yana dariya, ya ce wa ya koya mini?

Sai a lokacin na tuna Inna, kakarku. In ta je kasuwa sayen zoɓo ba ta kallon tsibin, fure ɗaya take ɗauka ta tauna, ta tofa a tafin hannunta ta dubi launin, ta ce wa mai shi an tsinke wannan bai nuna ba, ko an shanya shi a ƙasa. Ni ina gefenta ina jin kunya, ina jan zanenta mu tafi. Ashe harshen nan ta bar mini shi ban sani ba.

Daga ranar muka shiga wani hali ni da tsohon nan. Duk shagon 'yan Afirka da ke Bronx sai da na shiga. Na sayo na Sanagal, na Sudan, na mutanen Meziko da suke kira da wani suna nasu, har na 'yan Gana masu ce masa sobolo. Mu jiƙa kowanne a ruwa iri ɗaya, lokaci ɗaya, mu jera a bakin taga. Ya koya mini kallon gefen ruwan in an karkata tambulan, ya koya mini jira bayan an tofar a ji abin da ya rage a baki, wai nan ake gane na ƙwarai, don na banza da ka tofar ya tafi. Ni kuma na koya masa tauna busasshen furen irin na Inna. Da ƙafata nake gudu zuwa aiki a watannin nan, ni da a da nake jan jiki. Babanku ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin ina ɗokin Litinin ba sai da na haɗu da mai tofar da abin sha.

A cikin hirarmu ya ba ni labarin abin da ya fi alfahari da shi a duniya. Wai yana saurayi ya ɓata hanya a kan wasu duwatsu a ƙasarsu, ya faɗa wani ƙauye da ko a taswira babu, wata tsohuwa ta ba shi jan ruwan inabin gonarsu a kofin ƙasa. Ya ce da ya kurɓa ya san ya fi na manyan garuruwan da ake ta kirari da su. Ya kawo shi birni, masana suka yi masa dariya saboda ba su taɓa jin sunan wurin ba, har sai da ya rufe kwalaben da takarda ya ba su suka zaɓe shi da bakinsu.

Ya ce, “Suna yana toshe harshe, Rabi. Shi ya sa ake rufe shi.”

'Yarsa Elena takan leƙo shi duk mako. Tana da ƙaramin wurin haɗa abin sha na kwalba, kuma ta daɗe tana neman wani jan abu mai nauyi a baki wanda za a ɗora a teburin cin abinci ga mutanen da ba sa shan giya. Da ta ga abin da muke yi a bakin taga sai ta zauna, ta kurɓa. Na tambaye ta sau uku ko za a bar shi ya yi tsami ya zama wani abu, ta rantse ba maye ko kaɗan. Ta ce abin da take so shi ne ta samu gari ɗaya, manoma sanannu, ta riƙa saye a hannunsu duk shekara. In kaka ta yi a kawo samfuri biyar, a rufe sunaye, a zaɓi ɗaya.

To nan ne na yi abin da har yau nake cizon yatsa. Ko gida ban kai ba, a kan dandamalin jirgi, na kira Yaya Sale. Lokacin ana gab da shuka. Na ce masa Allah ya kawo mana, Turawa za su sayi zoɓon gidanmu duk shekara, kuma ni ce mai zaɓe. Ban ce masa biyar za a gwada ba. Ba wai na ɓoye ba ne, a raina babu wani zoɓo a duniya da zai tsaya kusa da na gonar Babanmu, to me zan faɗa? Yaya ya ce in haka ne bana ba zai sa gero a babbar gona ba, zoɓo zai zuba mata gaba ɗaya. Na ce zuba, Yaya.

Da na faɗa wa Babanku ya dawo daga layin filin jirgi yana cin tuwo, sai ya ajiye lomar.

Ya ce, “Rabi, kin sayar da abin da ba naki ba. Mutum ya bar hatsin gidansa a kan maganarki?”

Na ce, “Kai dai ba ka son ganin mutum yana murna.”

Ya ce, “Allah ya sa ni ne ban gane ba.” Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Sanyi ya shigo, samfurin Yaya ya iso a jakar wata mata da ta dawo daga gida, Babanku ya karɓo a filin jirgi. Ja wur, manyan furanni, gwanin kyau. Na samo wasu uku a wajen dillalai, saura ɗaya. Akwai wani mutumin Nijar, Malam Isuhu, mai teburin huluna da safar hannu a ƙasan tasharmu, kullum muna gaisawa. Da ya ji ina cigiyar zoɓo sai ya jawo wani ƙullin leda daga ƙarƙashin teburinsa.

Ya ce, “Hajiya, wanga ba na kasuwa ba ne, na gidanmu na. Tsohuwata ka aiko min shi. Garin namu ko mota ba ta shiga, sai amalanke.”

Ya faɗi sunan garin, ban taɓa ji ba, kafin in hau bene ma na manta. Na leƙa ledar, furanni ƙanana, baƙi-baƙi, a tsuke kamar an ƙona. Na yi godiya, a raina na ce madalla, ga ɗan rakiya, wannan in aka jera shi kusa da na Yaya sai na Yaya ya ƙara haske. Ko ɗaya ban tauna ba. Ni da ke taƙama da harshen Inna, da ido na yanke masa hukunci.

Ranar Lahadi da hantsi muka taru a falon Baba Marko, don ya ce sai da hasken rana. Na sa sabon leshi kamar mai zuwa suna. Elena ta shige kicin ita kaɗai ta jiƙa su, ta fito da tambulan biyar-biyar a gaban kowa, da lamba a gindinsu, sunayen kuma suna cikin ambulan a aljihunta. Ga farar takarda a shimfiɗe don ganin launi, ga kwanon tofi, ga busasshen burodi na goge baki. Zuciyata tana ta bugawa don murna, har na kasa zama sosai a kujera.

Na farko ruwa-ruwa ne, ba a daɗe a kansa ba. Na ɗauki na biyu, tun kafin ya kai bakina na san shi. Akwai wani ƙamshi na jar ƙasar gonarmu da ba zan ɓata shi ba ko a mafarki. Idona ya kawo ruwa. Na kurɓa na riƙe, sai murnar ta fara raguwa. Tsamin yana da kaifi, yana yanka, irin na furen da aka tsinke bai gama nuna ba. A ƙarƙashinsa ga ɗan ƙurar ƙasa, ga hayaƙi kaɗan. Na gane abin da ya faru kamar ina tsaye a gidan. Gona ta yi wa Yaya yawa, hannu ya yi kaɗan, yana sauri ya aiko mini, tabarmi ba su isa ba aka baza sauran a tsakar gida kusa da murhu. Da na tofar, kafin in ƙirga uku bakina ya koma fayau. Na ce wa raina ba komai, sauran ma ba za su fi shi ba. Na uku kuwa bai fi shi ba.

Sai na huɗu. A tambulan kamar baƙi, amma da na karkata shi a kan takarda gefensa ya yi wani ja mai zurfi da ban taɓa gani ba. Ƙamshinsa ya tuna mini busasshiyar magarya. Na kurɓa. Tsamin bai fito da faɗa ba, a hankali ya zo ya cika baki, baurin ya kama dasashi ya saki, sannan wani zaƙi-zaƙi ya taso daga baya alhali ba sukari a ciki. Na tofar, na zauna, yana nan. Na ci burodi, yana nan. Tsigar jikina ta tashi. Na ɗago ido na ga Baba Marko yana kallona ta saman tabarau. Na biyar ko tuna shi ba na yi.

Elena ta fara magana. Ta ce ita na biyu take so, launinsa zai yi kyau a kwalba, mutane da ido suke saye. Baba Marko ya ce hancinsa yana ja wajen na huɗu, amma magunguna sun kashe masa rabin harshe, ba zai rantse ba.

Ya ce, “Ɗaya da ɗaya ke nan. Rabi ce mai harshe a ɗakin nan. Abin da ta ce shi ne.”

Ku duba inda Allah ya ajiye ni. Kalma ɗaya, in ce na biyu, ba wanda zai zarge ni, Elena ma ta riga ta faɗa. Yaya ya tsira, maganata ta tabbata, gidanmu ya samu mai saye. Na buɗe baki da niyyar faɗar haka, wallahi da niyyar haka na buɗe shi. Amma ɗanɗanon na huɗu yana kan harshena a lokacin, bai tafi ba. Na ga ba zan iya ɗora ƙarya a kansa ba. Wata tsohuwa da ban sani ba ta jira furen nan ya nuna, ta ɓare shi ɗaya-ɗaya, ta shanya a inuwa a kan abu mai tsabta, duk ina jin aikinta a bakina.

Na ce, “Na huɗu. Kuma ba kusa ba.”

Elena ta buɗe ambulan ta karanta. Ledar Malam Isuhu ce. Baba Marko ya tambayi sunan garin, aka rasa mai iya faɗa, ya yi ta dariya har da tari, yana cewa ya rayu ya sake ganin ƙauyen da ba wanda ya sani ya kayar da manya. Ni ma na yi dariyar, don wani irin daɗi ya kama ni wanda ban san da shi ba, daɗin ka gano abu da kanka. Da shi na sauko bene, da shi na je na tarar da Malam Isuhu a bakin teburinsa na faɗa masa, ya cire hula ya riƙe a ƙirji yana ta “Mi kika ce, Hajiya? Sake faɗi.” Sai da na sa makulli a ƙofarmu sannan na tuna da Yaya da gonarsa.

Babanku ya saurare ni har ƙarshe, bai ce ai na faɗa miki ba, kuma na riƙe masa wannan alheri har ya koma ga Allah. Ya ce in gaya wa Yaya kofunan ba suna, ban san wanne ne nasa ba, ai gaskiya ce rabi. Na kwana biyu ina juya shawarar. A na uku na kira.

Na ce, “Yaya, ba a ɗauki namu ba. Ni na zaɓa.”

Ya ce, “Ba ki gane shi ba ne?”

Na ce, “Na gane shi tun daga ƙamshi.”

Can ya ce, “To me ya rasa?”

Na faɗa masa, tsinkar wuri, shanya a ƙasa, hayaƙi. Na ce laifina ne da na sa shi sauri, na ce zan aiko da abin sayen hatsi. Ya ce in riƙe abina, bai roƙe ni ba. Ya kashe wayar. Shekarar nan zoɓo ya yi yawa a kasuwa, ya sayar da nasa a wulaƙance, kuma a karon farko tun zamanin Babanmu gidanmu ya auni gero a kasuwa kowa yana gani. Abin da na aika ya dawo da shi. Shi ya sa bai yi magana a auren Zainab ba. Kada ɗayanku ya riƙe shi da wannan, mutumin da aka kunyata a garinsu a kan maganar ƙanwarsa yana da hakkin ya yi fushi.

Elena ta ɗauke ni aiki, duk kaka ni ke ɗanɗana abin da ya zo daga garin su Malam Isuhu kafin a karɓa, aikin da kuka taso kuka ganni a ciki. Na ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Amma shekara huɗu duk Sallah sai na kira Yaya, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

A ta biyar na ce zumunci a ƙafa yake, na sayi tikiti na tafi ban sanar da shi ba. Na isa da la'asar. Na ce wa direba kada ya sauke akwatunana tukuna, ya jira a ƙofar gida, don ban san ko za a ba ni wurin kwana ba. Na tarar da Yaya a zaure, ya tsufa, gemu duk fari. Ya amsa sallamata kamar ta baƙuwa. Muka gaisa a tsaye. Sai ya shiga ciki da kansa, ya daɗe, ya fito da kofin silba ya miƙo mini. Zoɓo ne, tsurarsa, ba sukari ba citta. Ta ƙofar zaure na hango rumfa a tsakar gida da gadajen kara a jere a inuwa, waɗanda a da babu su.

Na karkata kofin wajen haske. Na shinshina, na kurɓa, na riƙe. Ba ƙasa, ba hayaƙi, furen ya nuna sosai. Na rasa inda zan tofar a zauren yayana, na haɗiye. Ya tsaya a bakina, ya daɗe, amma bai kai inda wancan ke kaiwa ba.

Ya ce, “Ya kai nasu?”

Na ce, “Bai kai ba, Yaya. Amma ya kusa.”

Ya karɓi kofin, ya shanye sauran, ya goge baki da bayan hannu. Sannan ya leƙa waje ya ce wa direba, “Malam, shigo da kayan Rabi.”